Gishiri a Bakin Ƙofar Tatsugoro

Laraba, 5 ga Oktoba, da hantsi

Bana shekara talatin ke nan, ko saura kaɗan, da babbar guguwar da ta ɗauke rufin haikali ta dire shi a gonar Jinbei, har Jinbei ya ce tunda a gonarsa ya sauka, nasa ne. Tun daga wannan shekara ba a sake ganin motar 'yan sanda a ƙauyen nan ba sai jiya. Har biyu.

An tsinci Kurahashi, dillalin kayan tarihi na Kyoto, a gindin matakalar dutse ta haikali, kansa a fashe. Mai awara ce ta fara ganinsa da sassafe. Ta ce ta zaci giya ce ta kayar da shi, har ta yi masa ina kwana.

Littafin nan Sumie matar ɗana ce ta saya mini, wai likita ya ce in riƙa rubuta abin da na ci. To, na ci shinkafa da miyar miso, ta daddawar waken soya. Na sha shayi a kwanona Kabewa kamar kullum.

Ranar Litinin da yamma ba wanda ya zo gidan nan.

Alhamis, 6 ga Oktoba, bayan cin rana

Mu shida ne masu rainon kwano a ƙauyen nan. Huɗu sun riga mu gidan gaskiya, saura ni da Matahei, shi kuwa ko abin da ya ci jiya ba ya tunawa. Mun rantse a gaban haikali ba mai faɗa wa kowa aikin nan. Amma rantsuwar ta baki ce. Ba a ce kada a rubuta ba, don a lokacin babu wanda ya iya rubutu a cikinmu.

Ga yadda abin yake. Kurahashi zai kawo maka sabon kwanon shayi na yumɓu, fari tas kamar jariri, ya bar maka. Kai kuma ka riƙa shan shayi a ciki safe da yamma, ka murza shi da tafin hannu, ka ajiye shi inda hayaƙin murhu zai riƙa shafarsa. In an yanke shinkafa ka binne shi a lakar gona ya yi hunturu a can. Bayan shekara goma ko fiye, ya yi duhu, 'yan tsage-tsagen jikinsa sun sha shayi sun ƙoshi, sai mai shi ya zo ya ɗauka, ya sa a tsohon akwatin katako. Abin da aka rubuta a murfin akwati ba ruwana. Ni ban taɓa buɗe baki na ce wani kwano ya shekara ɗari uku ba. Murfi ne ke faɗa, ni kuma irin wannan murɗaɗɗen rubutu ban iya karanta shi ba. Raino nake yi. In ka raini ɗan wani ya girma ya zama maƙaryaci, laifinka ne?

Na san duk kwanon da ya fita daga ƙauyen nan da wanda ya raine shi. Bara ma an nuna ɗaya a talabijin, cikin gilashi, mutane na wucewa suna rusuna masa. Na Jinbei ne. A ciki yake zuba wa karensa ruwa.

Kabewa ce ta ƙarshe a hannuna. Matata marigayiya Ofumi ce ta sa mata suna, wai kumatunta irin nawa ne. Tun da aka kawo ta Ofumi ta ƙwace, ta ce shayi ya fi daɗi a ciki. Ita ce ta ɓalle mata baki a wurin wanki, ta ɗora wa kyanwa laifin. A cikinta ta sha ruwanta na ƙarshe shekara uku da suka wuce. Tun lokacin duk sanda Kurahashi ya zo sai in ce ba ta nuna ba tukuna. Shi kuma ya ɗaga ta, ya juya, ya ce, “Haka ne, Dattijo, da saura.” Ya san ta nuna. Na san ya sani.

Juma'a, 7 ga Oktoba, da yamma

'Yan sanda sun tafi da Matahei.

Shi ya ja wa kansa. Ranar Litinin da rana, a tashar bas, gaban mata masu jiran motar asibiti, Kurahashi ya ce masa ya cika wa kwano hayaƙi, kwanonsa warin busasshen kifi yake. Matahei ya jefe shi da dankali, ya ce, “Sai na fasa maka kai, ɗan birni!” Kurma ne, ba ya magana sai da ihu, har masu yankan shinkafa a ƙetaren rafi sun ji. Ga kuma sandarsa da aka tsinta a farfajiyar haikali. Sandar nan babu inda ba a tsince ta ba a ƙauyen nan. An taɓa samunta a cikin rijiya.

Sun tambaye shi ina yake ranar da yamma, ya ce ba zai faɗa ba. Ni na san inda yake. An yanke shinkafar gefen gonarsa, lokacin binne kwano ne.

Sumie ta ce, “Baba, ba za ka je ka ce wani abu ba? Abokinka ne tun kuna yara.”

Na ce, “Aboki? Mutumin da ya ari gatarina tun shekarar guguwa har yau?”

Za su sake shi gobe. Wa zai iya zama da Matahei kwana biyu?

Asabar, 8 ga Oktoba, da safe

Ba su sake shi ba.

Sumie tana shara ta tsaya da tsintsiya a hannu.

“Baba, na manta ban tambaye ka ba. Ranar Litinin da na dawo daga aiki, gishiri na gani a watse a bakin ƙofa. Wa ya je jana'iza?”

“Dodon koɗi ne ya dame ni, na zuba masa.”

“Dodon koɗi a watan nan?”

“Tsoho ne, bai san lokaci ya wuce ba.”

Ta dube ni, ta ce, “Shi ne kuma ya sha shayi a kofin baƙi?”

Na ce mata kunnena na hagu yau ba ya ji. Wannan yarinya da 'yan sanda sun san da ita da sun ba ta hula. Ɗana yana can a jirgin ruwa yana hutawa, ni ya bari da ita.

Lahadi, 9 ga Oktoba, da rana

Shinkafa, awara, shayi. Ba wanda ya zo, yau da gaske.

Talata, 11 ga Oktoba, da yamma

Wani sufeto ya zo, Ogata, mai furfura a gefen kai, safarsa ta dama da huji. Ina hango shi a kan hanya na cusa Kabewa cikin buhun shinkafa. Na ba shi shayi a kofin gilashi.

Ya zauna ya yi ta zancen ciwon gwiwa. Ni ma na yi ta nawa, don a wannan fagen ba a kayar da ni. Can sai ya zaro hoto daga aljihu ya ajiye a kan tabarma.

Kabewa ce. Ga ɓallin bakinta nan. An ɗora ta a kan jan ƙyalle kamar 'yar sarauta. Ban san yaushe Kurahashi ya ɗauke ta hoto ba.

Ogata ya ce, “A kantin mamacin muka sami wannan, tare da akwati babu komai a ciki. Murfin ya ce wani babban mai shayi na zamanin da ne ya ɓalle bakin da haƙorinsa, don tsananin daɗi. An riga an sayar wa wani attajiri a Tokyo, yana jiran kaya. Dattijo, ka taɓa ganin kwanon nan?”

Da haƙorinsa! Na danne dariya har tari ya sarƙe ni. Ofumi da tana nan da ta ce ashe ba kyanwa ba ce.

Na ce, “Yallaɓai, ni kwano duk kwano ne.”

“Haka ƙanin matar mamacin ya ce, Nishiwaki, mai tsare masa kanti. Ya ce bai san kwanon ba, kuma rabonsa da ƙauyen nan tun bazara.”

Na ce shayinsa zai huce.

Na tambaye shi, don dai hira, in an sami kwanon me za a yi masa. Ya ce shaida ce, za a kulle ta a ɗakin ajiya sai an gama shari'a. Na ce shari'a kwana nawa take. Ya ce ya san wata da ta binne alƙalai biyu.

Da zai tafi ya tsaya yana sa takalmi, ya dubi kantar da ke saman murhu, inda ƙura ta bar da'ira wankakkiya daidai gindin kwano. Bai ce komai ba. Ya ce dai, “Abokinka ba ya cin abincinmu. Wai shinkafar birni ba ta da uwa.”

Da daddare Sumie ta ɗebo shinkafa ta ɗebo da Kabewa. Ta wanke ta, ta mayar kan kanta, ita ma ba ta ce komai ba. Na gaji da mutanen da ba sa cewa komai.

Juma'a, 14 ga Oktoba, da hantsi

Nishiwaki ya zo daga wurin jana'izar surukinsa, da alewar wake a kwali mai tsada. Baƙar kwat, baƙin takalmi. A bakin ƙofa ya ciro 'yar takardar gishirin nan da ake raba wa kowa a wurin jana'iza, ya watsa a ƙirji, a kafaɗa, a ƙafa, sannan ya shigo. Yau da gishirinsa ya zo. Yau kwat ɗinsa baƙa ce.

Mutumin nan ladabi kamar zai narke. Ya durƙusa gaban hoton Ofumi ya kunna mata turare, ya sunkuya har goshinsa ya taɓa tabarma.

“Dattijo, na zo ne kan amanar marigayi.”

“Ba ta nuna ba.”

“Dattijo, ai ta shekara goma sha biyar.”

“Wasu ba sa nuna da wuri. Kai ma ga ka nan.”

Ya yi murmushi. Ya ajiye kofi a kan faranti. Ya ce ya ji 'yan sanda na yawo, kuma in suka ga kwanon kwashe shi za su yi, ni da shi duk mu rasa. Gara in yi shiru, shi ma ya yi shiru, in ƙura ta lafa mu yi magana. Ya ce zai bar mini ita har ƙarshen hunturu. Sannan ya ce, “Ka riƙa kula da ƙafarka, Dattijo. Matakalar ƙauyenku akwai gansakuka.”

Na ce, “Shekara tamanin da ɗaya ina hawanta. Ba ta kayar da ɗan gari.”

Alewar na da daɗi, ba zan yi mata ƙarya ba. Na ci uku. Kada Sumie ta nuna wa likita wannan shafi.

Lahadi, 16 ga Oktoba, da yamma

Mutanen gari sun taru sun yanke sauran shinkafar Matahei don kada ruwa ya same ta. Na je na zauna a kan kunyar gona ina nuna musu inda suka bari. Ba wanda ya yi mini magana sai mai awara, ita ma cewa ta yi in matsa.

Shayi yau ɗaci. Ganyen ne.

Talata, 18 ga Oktoba, bayan dawowa daga birni

Sumie ta kai ni ganinsa. Gilashi a tsakaninmu, ɗan sanda a bayansa yana rubuta duk abin da muka ce. Matahei ya rame, wuyansa kamar na kazar da aka fige. Sun ƙwace masa ɗamara, yana riƙe da wando da hannu ɗaya.

Ya daka ihu, “Tsohon banza, sai yau?”

Na ce, “Na zo ganin ko sun yi maka wanka ne. Ashe su ma sun kasa.”

“Me?”

“Na ce ka yi kyau!”

“Ƙarya kake, mai kan tulu!”

Ya yi tari mai tsawo, irin wanda ban so ba. Na ce ya faɗa musu inda yake ranar mana, ya huta. Ya zaro mini ido. Ya dubi ɗan sandan, ya matso da bakinsa jikin gilashi, ya yi abin da shi a wurinsa raɗa ce, wadda aka ji har ofishin gaba:

“In na faɗi inda na kwantar da yarana, gida-gida za su bi su kwashe na kowa! Yaya 'yarka? Tana sha?”

Na ce tana sha.

“To, rufe mini baki ka tafi. Safe da yamma, kar ka yi mata fashi. Ofumi ba ta yafe fashi.”

Ɗan sandan ya ɗago kai ya tambayi Sumie, “Dattijon yana da 'ya ƙarama?” Sumie ta ce, “Tana da kumatu.”

A bas na yi ta share ido. Hayaƙin mota ne ya shiga mini ido.

Laraba, 19 ga Oktoba, da safe

A ce, misali, akwai wani tsoho a wani ƙauye, ba nan ba. A ce wata Litinin da rana wani dillali ya biyo gidansa da tabon dankali a riga, ya sha shayi, ya ce masa, “Dattijo, na gaji da aikin nan. Kwanon nan ka riƙe, na matarka ne. Akwai wanda ba zai ji daɗi ba, amma zan gaya masa yau a haikali.”

A ce rana na gab da faɗuwa, wani ya ƙwanƙwasa ƙofa. Tsohon ya ce shigo, ya ƙi shigowa. Ya tsaya a waje yana haki, ya ce, “Dattijo, ɗan gishiri.” Kowa ya san wanda ya kusanci gawa ba ya taka gidan mutane sai ya watsa wa jikinsa gishiri. Uwarsa ta koya masa tun yana yaro, ƙafarsa ba za ta iya tsallake dokin ƙofa ba tare da shi ba, ko da me ya aikata. Tsohon ya ɗebo masa a kicin, ya ce wa ya rasu. Ya ce wani ne a birni, daga jana'iza yake. Amma kwat ɗinsa ruwan ƙasa ce mai gida-gida, ga laka a gwiwa. Wa ke zuwa jana'iza da kwat mai gida-gida? Wace jana'iza ce ba a raba gishiri? Ya shigo ya nemi kwano, aka ce ba ta nuna ba, ya kurɓi shayi ya tafi.

A ce washegari mai awara ta yi wa gawa ina kwana.

In tsohon nan ya je ya faɗa, za a ce me mutumin ya zo nema. In ya ce kwano, za a ce ina kwanon.

Misali ne kawai. Na ci kifi.

Alhamis, 20 ga Oktoba, da rana

Ba ni na ce ya jefi mutum da dankali ba.

Juma'a, 21 ga Oktoba, da yamma

Na yi dabara. Akwai wani kwano da Sumie ta samu kyauta a kantin manoma, girmansu ɗaya da Kabewa. Na ɓalle masa baki da filaya, na dafa shi cikin baƙin shayi da romon waken miya, na rataye shi a hayaƙi tun safe. Aikin shekara goma sha biyar a wuni ɗaya. In na kai wannan, Matahei ya fito, Kabewa ta zauna a gida, kowa ya huta.

Na sauko da shi, kyanwa ta zo ta kama lasa, ta ƙi bari. Sumie ta shigo ta ɗaga shi ta juya gindinsa. An buga sunan kantin manoma da lambar wayarsu.

Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Rabon da in ga ta yi dariya haka tun ranar da na faɗa a rafi. Da ta gama ta share ido, ta ce:

“Baba, ni ban san aikinku ba, kuma shekara ashirin ke nan ina ƙoƙarin kada in sani. Amma na san Mama. Ranar da kwanon nan ya ɓalle, ka yi kwana biyu ba ka yi mata magana ba. Ka tuna abin da ta ce?”

Na ce ban tuna ba.

“Ta ce, ‘In kwano ya fi mutum a gidan nan, gobe kwano ya dafa maka abinci.’”

Na ce mata ba haka ta faɗa ba, cewa ta yi “ya wanke maka wando”. In za a tuna magana a tuna ta daidai.

Ta ce, “An kira daga birni. Sun kai Kawu Matahei asibitin gidan yari, ƙirjinsa ne.”

Ta ɗauki kwanon kantin manoma ta ba kyanwa gaba ɗaya.

Lahadi, 23 ga Oktoba, da yamma

Na dafa shayi mai kyau, wanda muke ajiye wa sabuwar shekara. Na zuba a Kabewa na ajiye gaban hoton Ofumi har ya huce, sannan na shanye. Na gaya mata gobe za mu birni. Ba ta ce kar a je ba.

Litinin, 24 ga Oktoba, bayan dawowa

Na naɗe ta a tsohon gyalen Ofumi na rungume a ƙirji. Wata mata a bas ta tashi ta ba ni wuri, ta zaci tokar mamaci na ɗauko.

Ogata ya sa ni a wani ɗaki mai tebur ɗaya. Na kwance gyale. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, “Kwano duk kwano ne, ko, Dattijo?”

Na ce, “Yallaɓai, in gori za ka yi mini, bas na ƙarfe biyu na nan.”

Na faɗa masa komai, har kalar kwat. Da na zo kan gishiri sai ya ajiye biro ya rufe ido. Ya ce an ga mota irin ta Nishiwaki a bayan dajin gora ranar, amma mota ba ta magana. Ya ce shi kansa duk ranar da ya taɓa gawa a wurin aiki, matarsa ba ta buɗe masa ƙofa sai ta miƙo gishiri ta taga. Ya ce, “Ya iya tura mutum daga kan matakala, amma bai iya shiga gidanka da ƙazanta ba.”

Na ce, “Yaro ne mai tarbiyya.”

Na tambaye shi ni fa, yau zan kwana nan ko sai gobe, don na zo da maganina. Ya ce ya duba littafin doka bai ga laifin da ake kira shan shayi a kwano ba. Masu rubutu a murfi ne za su yi bayani. Amma za a je a tone yaran Matahei.

Sai wani ya shigo da farar safar hannu, ya ɗauki Kabewa da yatsu kamar mataccen ɓera, ya sa ta a leda, ya manna mata lamba. Leda! Na ce ba ta numfashi a leda. Na ce safe da yamma take sha, in ta yi wata guda a bushe tsagen jikinta zai yi fari, aikin shekara goma sha biyar ya lalace. Mai safar hannu ya dubi Ogata, Ogata ya dubi silin.

Na ce yaushe za a dawo mini da ita. Ya ce, “Shekara ɗaya. Ko biyu.” Bai dube ni ba da ya faɗa. Ya san shekaruna, yanzu ya gama rubuta su.

Gyalen kawai na dawo da shi.

Laraba, 26 ga Oktoba, da rana

An kama Nishiwaki. Mai awara ta ce da aka ambaci gishiri sai ya fashe da kuka. Direban bas ya ce a'a, kwat ɗin aka samu a wurin mai wanki. Wasu sun ce attajirin Tokyo ba mutumin da ake gaya wa “babu kaya” ba ne. Ni ban tambaya ba.

An kawo Matahei gida a mota, da kwalbar magani da sabuwar ɗamara. Bai ko shiga gidansa ba, ya taho nan yana dogara sandar wani.

“Maci amana! Bakinka kamar ƙofar kantin manoma! Mu shida muka rantse!”

“Da na bar ka ka mutu a can.”

“Da na mutu da mutuncina! Sun tone mini yara bakwai, Tatsu, bakwai! Ɗaya saura hunturu guda ya nuna!”

“Masu warin kifin?”

Wannan ya ji shi sarai. Ya ɗaga sanda, tari ya kama shi, ya zauna a bakin baranda. Sumie ta kawo masa shinkafa, ya cinye kwano uku yana zagina tsakanin loma da loma. Da ya ƙoshi ya ɗaga kai ya dubi kantar saman murhu. Ya daɗe yana duba.

Ya ce, a hankali, karo na farko tun da ya kurmance, “Har da ita?”

Na ce har da ita.

Ya ce, “Jaki.” Ya fyace hanci da hannun riga. Bai tafi ba sai da rana ta faɗi.

Alhamis, 27 ga Oktoba, da yamma

Shayi a kofin gilashi ruwan zafi ne mai kala.

Sumie ta kira mini Ogata a waya. Na ce kwana uku ke nan ba ta sha komai ba. Ya ce doka ba ta yarda a taɓa shaida ba. Na ce ba taɓawa zan yi ba, zubawa zan yi. Ya ce babu takardar da ake cikewa don shayar da kwano. Na ce a buga ɗaya. Ina jin yana shafa fuska, sannan ya ce mai riƙe da makullin ɗakin ajiya mutum ne mai taurin kai, ba a taɓa juya shi ba tun da ya kama aiki. Na ce shekarunsa nawa. Ya ce hamsin. Yaro ne.

Matahei ya aiko da ganyen shayinsa na ɓoye, wanda ko limamin haikali bai taɓa ba wa ba. Ya ce zai raka ni, don in mai makulli ya ƙi jin maganata, tasa dole ya ji, shi da duk mutanen benen.

Gobe da safe zan cika fulas, in sa kwat ɗina ta biki, in bi in tashi kurman nan, mu hau bas na farko. Zan zauna a kan bencin ƙofar ɗakin ajiya da fulas a cinya. In sun buɗe, ta sha. In ba su buɗe ba, jibi ma akwai bas.